Kafin Kano ta zauna jiran Turawa, ta tambayi Agadas

Tun da hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, maganar yawon buɗe ido ta dawo bakin manyanmu. Duk taron da aka yi sai ka ji an kawo Dubai, an kawo Marrakesh, kwanan nan har da AlUla ta Saudiyya, wato garuruwan sahara da bakin sahara da suka mayar da tarihi da al'ada hanyar samun kuɗi. Ba na musun cewa Kano tana da abin nunawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne irin baƙon da muke hasashe, Bature mai kyamara a wuya da dala a aljihu. Garin da ya fi dacewa mu yi nazari a kansa ba sai an hau jirgi ba. A mota ake zuwa ta Damagaram, Hausa ake yi a kasuwarsa, kuma jikokin mutanensa suna da unguwa guda a cikin birninmu, Agadasawa.

Agadas ta yi duk abin da ake ce mana mu yi, ta kuma riga mu da shekaru talatin. Tana da hasumiyar masallaci ta ƙasa mai tsawon mita 27, tana da fadar Sarkin Abzin, ga maƙeran azurfa, ga bikin Bianu, ga duwatsun Abzin da rairayin Tenere a bayanta. Daga shekarun 1980 Turawa suka riƙa kwararowa duk lokacin sanyi. Gasar motoci ta Faris zuwa Dakar ta sha ratsawa ta garin, aka kai ga jirgi yana tasowa daga Faransa ya sauka Agadas kai tsaye. Samarin Buzaye da suka san sahara suka sayi motoci suka zama jagorori. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa a yau, da kamfanin yawon buɗe ido ya fara yin suna kafin ya shiga tawaye. Maƙeri, baduku, mai gidan saukar baƙi, mai gashin nama, kowa ya samu.

Sai tawayen farko ya zo a farkon shekarun 1990, baƙi suka ɗauke ƙafa. Aka yi sulhu suka dawo. Tawaye na biyu ya tashi a 2007, a 2008 aka soke gasar motocin ɗungurungum, aka kwashe ta zuwa Kudancin Amurka. A watan Satumbar 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyam a Arlit, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su nisanci yankin, shi ke nan aka rufe littafi. Lokacin da UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, takardar ta iso ta tarar babu masu kallo. Da yawa daga cikin direbobin da ke kai Turawa kallon rairayi suka koma jigilar masu neman tsallakawa Libiya, har gwamnati ta haramta sana'ar da dokar 2015, wadda sojoji suka soke a ƙarshen 2023. Timbuktu ma haka ta gani: bikin kaɗe-kaɗen sahara da ya yi suna a duniya bai sake zama a can ba tun 2012.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuskuren Agadas ba rashin al'ada ba ne, ba kuma rashin talla ba. Ta ɗora abincinta ne a kan mutumin da sanarwa ɗaya daga ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa ta isa ta hana shi zuwa.

Wani zai ce ai Marrakesh ma an kai mata hari a 2011, a tsakiyar dandalinta na Jemaa el-Fna, kuma ta farfaɗo. Gaskiya ne, har Maroko ta karɓi baƙi sama da miliyan 17 a 2024. Amma Marrakesh tafiyar kimanin awa uku ce daga Faris, kuma tun 2006 Maroko ta ƙulla yarjejeniyar buɗe sararin samaniyarta ga jiragen Turai masu araha. Dubai da AlUla kuwa baitulmalin mai ne ya tsaya musu. Mu ba mu da kusancin, ba mu da kuɗin. Mun ma ɗanɗana namu: bayan hare-haren da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, Turawan da aka saba gani a rumfar baƙi ranar Hawan Daushe sun ragu ƙwarai, a shekarar kuma jirgin KLM na ƙasar Holand ya daina sauka Kano.

Amma a shekarun nan duka, Kantin Kwari bai rufe ba, Dawanau ba ta rufe ba. Kullum ta Allah motoci suna sauke mutane daga Maraɗi, Damagaram, Njamena, Garwa, Ibadan da Onica. Wannan shi ne baƙon Kano, kuma bai taɓa jiran izinin kowa ba kafin ya zo. Yana zuwa da kuɗi a ƙugu, ya sari atamfa da shadda, ko riɗi da zoɓo, ya ɗaure kaya kafin la'asar ya nufi tasha. Ya shekara goma yana zuwa Kano bai taɓa taka Dutsen Dala ba, bai san ƙofar Gidan Makama ba, domin babu wanda ya taɓa ce masa akwai abin gani. Ƙara masa da masu zuwa ziyara, dubban da ke cika gari ranar Maukibin Ƙadiriyya, da masu hawa Dala ranar Takutaha, da 'yan makarantun da ake kawowa daga jihohin maƙwabta, da 'ya'yan Kanawan da aka haifa a Abuja ko Landan waɗanda ba su san birnin kakanninsu ba sai a waya. Aikin da ke gabanmu shi ne a sa wannan mutum ya ƙara kwana ɗaya, kuma wata rana ya zo da iyalinsa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Zamanin ayari, fatoma shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi rigima. Unguwanni irin su Zangon Barebari da Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, daga karɓar baƙi suka samo asali. Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15 ba don kallo aka gina ta ba, ciniki ne ya tara mutane, kallo ya biyo baya.

Marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta, ita ta fi fito da wannan fili. Ka tsaya bakin rami ka ga marini a tsugune, hannunsa ya rine har gwiwar hannu. Ruwan baba ne da toka da kanwa, an bar shi makonni ya nuna, kumfa ta taru a samansa. Ya tsoma ƙyalle ya ɗago, ya bar iska ta buge shi, kana gani kore-kore yana juyewa shuɗi, ya sake tsomawa, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda mai kaya yake so. Adon da ke jiki mata ne suka ɗaure shi da zare a cikin gida. Can gefe kana jin ƙarar mabuga suna saukar da itace a kan gungume da sauti ɗaya kamar an auna musu. Amma ka ɗaga kai ka ƙirga: ramukan da ke aiki ba su kama ƙafar waɗanda aka rufe ko shara ta cike ba. Ba Turawa ne suka cika waɗannan ramuka a da ba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin Kano yana kaiwa Timbuktu da Tarabulus, kuma turkuɗin Kura shi ne rawanin Buzu. Galura da yadin Sin ne suka karya kasuwar. Saboda haka fenti da sabuwar ƙofa ba za su raya marina ba, in dai marini zai wuni yana jiran wanda zai ɗauki hotonsa ya ba shi na goro. Oda ce za ta raya shi: teloli da masu zanen kaya na Legas da Abuja da ke neman rinin gargajiya, gwamnati ta riƙa sayen kyautar da take ba baƙinta daga Ƙofar Mata da Kurmi maimakon kwalin agogo daga waje. In sana'a tana ci da mai ita, ɗansa zai gaje ta, kuma sai akwai mai yi ake samun mai kallo.

Ganuwa kuwa, ba na son in daɗe a kanta don takaici. Sarki Gijimasu ya fara ta wajen shekara ɗari tara da suka wuce, tana jerin jiran UNESCO tun 2007, amma a gabanmu aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, a gabanmu kuma badala ke komawa shaguna da filotai. Gwamnatoci sun canja, cin ganuwa bai canja ba.

Akwai masu fargabar cewa yawon buɗe ido ƙofa ce ta shigo da lalata, kuma ba na raina wannan fargaba. Sai dai irin baƙon da nake magana a kansa tare muke sahu da shi a masallaci. Abin da yake nema masauki mai tsafta ne da ruwa da wuta, banɗaki a gindin Dala, matakalar da tsohuwa za ta iya hawa, da jagora mai shaidar hukuma wanda ya san Barbushe daga Bagauda, ba yaran da za su yanyame shi suna yanka masa kuɗin da suka ga dama ba. Ga ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero suna gama karatu suna zaman jiran aiki. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa za ta iya horar da su ta ba su kati, su yi aikin da Hausa da Turanci da Faransanci, tunda rabin maƙwabtanmu da Faransanci suka yi boko.

Sai babbar magana, wadda kowa ke kewaye mata. Tun da rikicin sarauta ya ɓarke a watan Mayun 2024, jami'an tsaro suka hana hawa a Babbar Sallar shekarar, aka sake hanawa a 2025. Wato Sallar farko da ta biyo bayan karramawar UNESCO ba a yi hawa ba. Ban shiga batun wane ne ke da gaskiya ba, yana gaban kotu, kuma ran mutum ɗaya ya fi kowane biki. Amma a lissafa waɗanda suka yi asara: baduku mai kayan doki, mai ɗinkin alkyabba, mai naɗa rawani, mai sayar da harawa, makaɗa da 'yan algaita, masu otal, 'yan adaidaita sahu, har yarinya mai tallan zoɓo a Ƙofar Kudu. Hawan Sallah, Daushe, Nassarawa, da Ɗorayi ko Fanisau su ne kaɗai abin da muke da shi wanda ke iya cika masaukan Kano kwana huɗu a jere, sau biyu a shekara, ba tare da an kashe ko sisi a talla ba. Mutumin Legas ko Yamai da ya biya kuɗin jirgi da ɗaki, aka wayi gari ana jajibiri ya ji a rediyo an soke, ba zai sake gwadawa baɗi ba, kuma zai gaya wa goma.

Don haka kafin a tura tawaga baje kolin yawon buɗe ido a ƙasashen waje, gwamnatin jiha da masarauta da jami'an tsaro su zauna su fitar da tsarin da zai sa a yi hawa ko da shari'a ba ta ƙare ba: wa zai hau, ta wace hanya, wa ke da alhakin hana 'yan daba shiga tawagar hakimai. A sanar da shi tun watan Sha'aban, yadda mai otal zai karɓi kuɗin ajiye ɗaki da ƙwarin gwiwa, baduku kuma ya ci bashin fata ya san zai biya.