Ɗan tayi ya riga likitoci sanin maganin sikila

Duk mai shan farfesun ƙashi ya san ɓargo, abin nan mai maiƙo da ake bubbuga ƙashi a gefen kwano sai ya fito, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa a jikin mutum shi ne masana'antar jini. A kowace daƙiƙa jikin baligi yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2, kuma dukkansu, da fararen da ke yaƙar cuta da masu sa jini ya daskare in an yanke, daga wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan suke fitowa da ke kwance a cikin ɓargo, waɗanda zan kira iyayen jini. Wasu masana biyu a Toronto ta Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su ne suka nuna akwai su a 1961 da gwaji kan ɓeraye.

To abin da ya sa na ɗauko zancen, na gaji da jin mutane, har da 'yan boko wallahi, suna cewa wai binciken yadda jini ke samuwa a jikin ɗan tayi aikin Turawa ne da kuɗi ya yi wa yawa, mu da maleriya ma ba ta bar mu ba ina mu ina wannan. Ni kuwa a ganina babu al'ummar da wannan ilimin ya shafa kamar mu, saboda sikila.

Bari mu fara da yadda abin yake. Jinin ɗan tayi ba a ɓargo yake farawa ba, don lokacin ma babu ƙashin, in ya fara samuwa ma guringuntsi ne tukuna. Wajen mako na 3 da shigar ciki wata 'yar jaka da ke maƙale da tayin ita ke fara yin jini na wucin gadi, sai wajen mako na 4 zuwa na 5 ainihin iyayen jini su ɓullo daga bangon babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, wato ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyar ne wasunsu ke rikiɗa su ɓalle su bi jini. Daga nan su sauka a hanta, kuma a hanta ne suke hayayyafa kamar ba gobe. Sai wajen mako na 11, bayan jijiyoyin jini sun huda guringuntsin nan sun buɗe rami a ciki, sannan su fara tarewa a ɓargo, gidan da za su zauna har mutum ya koma ga Mahaliccinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne halinsu yana canzawa da canjin gida. A hanta ba sa hutawa, rabuwa suke ta yi, amma a ɓargon baligi yawancinsu barci suke, sai an zubar da jini ko cuta ta shigo a tashe su, kuma wannan barcin ne ke kare su daga ƙarewa da lalacewa. Wa ke sa su barci, wa ke tashinsu? A 1978 wani masani a Manchesta ta Ingila mai suna Ray Schofield ya ce maƙwabta ne, wato uwar jini ba ta zama uwar jini sai a unguwar da ta dace da ita. Daga baya aka gano maƙwabtan, ƙwayoyin bangon ƙananan jijiyoyi ne da waɗanda ke kewaye da jijiyoyin, suna fitar da wani sinadari mai suna CXCL12 da ke kiran iyayen jini su zo su zauna, da wani mai suna SCF da ke raya su. Kamar amarya ce, ba a kai ta sai an yi jere. A 2021 kuma ayarin Farfesa Muzlifah Haniffa a Jami'ar Newcastle suka bi ɓargon 'yan tayi masu mako 12 zuwa 19 ƙwaya bayan ƙwaya, suka ga cikin 'yan makonnin nan kaɗan ɓargon ya riga ya fara fitar da kusan dukkan nau'o'in ƙwayoyin jini da na garkuwar jiki.

To ina sikila ta shigo? A 1948 wata likitar yara a Brooklyn ta Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai sabbin haihuwa masu ɗauke da sikila ba ya lanƙwasa kamar lauje yadda na iyayensu mata ke yi, ta ce lallai himoglobin ɗin da jariri ya fito da shi daga ciki, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, daban yake da na manya. Gaskiyarta kuwa. Ɗan tayi yana da nasa himoglobin mai ƙarfin janyo iskar shaƙa daga jinin uwa, kuma matsalar sikila ba ta taɓa shi. Ranar haihuwa shi ne mafi rinjaye a jinin jariri, sai ya dinga raguwa, a jikin baligi ko kashi 1 cikin 100 bai cika kaiwa ba. Agogon nan ma ba ya bin ranar haihuwa, ko bakwaini aka haifa canjin sai lokacinsa ya yi. Shi ya sa uwa za ta ga jaririnta ɓul-ɓul ranar suna, a yi wankan jego a gama arba'in lafiya lau, sai wajen wata 5 ko 6 ta ga hannu da ƙafa sun kumbura yaro yana ta tsala kuka, a ce sanyi ne, a ce shawara ce, wasu ma su ce maita.

An yi shekara 60 ana neman makunnin da ke kashe himoglobin ɗin tayi. A 2007 da 2008 aka kama shi, wani ƙwayar gado ne mai suna BCL11A, kuma ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston na cikin waɗanda suka tabbatar da aikinsa. Daga nan dabara ta fito fili: a ciro iyayen jinin mai sikila, a taɓa makunnin nan da almakashin gyaran ƙwayoyin gado, a mayar masa da su cikin ɓargo, sai su koma yin jini irin na ɗan tayi. Wannan shi ne Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta bi a Disamba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya.

Na san me mai karatu zai ce, to ai ka faɗa da bakinka, wa ke da dala miliyan 2 a Gwammaja ko Zangon Damagaram? Haka ne, ban musa ba, kuma ba kuɗin kaɗai ba, sai an share tsohon ɓargo da magani mai zafi irin na kansa wanda kan iya hana haihuwa, a kwantar da mutum asibiti makonni. Dashen ɓargo na asali ma, wanda aka fara yi a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, galibi sai an samu ɗan'uwa wanda ɓargonsu ya dace, kuma sai mai hali. Abin takaici ne a ce ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila wajen 150,000 a shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, ita ce za ta zama ta ƙarshe a layi.

Amma ilimin nan ba Casgevy kaɗai ya haifa ba, nan ne nake ganin muna sakaci. Akwai haidroksiyuriya, ƙwayar magani ce ta sha da aka amince da ita don sikila a Amurka tun 1998, kuma babban aikinta shi ne ɗaga himoglobin ɗin tayin nan dai. A nan Kano aka gwada ta a kan yara masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da ayarin Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, aka ga tana rage haɗarin. Kenan ba labarin ƙetare ba ne, 'ya'yanmu aka yi binciken da su, amma je ka ƙauye ka tambayi iyayen mai sikila goma ko sun taɓa jin sunanta.

Sai kuma watannin farkon nan da jinin tayi ke kare jariri, ai rata ce Allah Ya ba mu kyauta. In aka ɗiga jinin dunduniyar jariri aka gano SS ne tun kafin ciwo ya fara, za a sa shi kan fenisilin tun yana wata 2, a cika masa rigakafi, a kare shi daga sauro, a koya wa uwa yadda za ta taɓa cikinsa ta ji in saifa ta kumbura. Yawancin yaran da sikila ke kashewa kafin shekara 5 cututtukan da ake iya tarewa ne ke tafiya da su, da yawa ma ana binne su ba a san SS ba ne. Dokar gwaji kafin aure da Kano ta kafa a 2024 ta yi kyau, sai dai ba ta da abin da za ta yi wa jaririn da aka riga aka haifa daren jiya.

Wata 'yar magana kuma kan cibiya, tunda jinin da ke cikinta cike yake da iyayen jini, har a 1988 Eliane Gluckman ta yi dashe da shi a Faris ta warkar da ɓargon wani yaro da jinin cibiyar ƙanwarsa. Mu nan binne ta muke yi da mabiyiya a bayan ɗaki, ba kuma na ce a gina bankin ajiyar jinin cibiya a ƙasar da wutar firij ma ba ta tsayawa ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi gaggawar ɗaure cibiya, a jira aƙalla minti 1 zuwa 3 jinin ya gangara jikin jariri, yana rage ƙarancin jini a watannin farko, kuma ko ungozoma a ƙauye za ta iya, ko sisi ba a biya.

Abin da nake so gwamnonin Arewa su yi ba mai wuya ba ne, duk inda ake yi wa jariri allurar BCG a haɗa da gwajin jininsa, akwai 'yan na'urorin gwaji na take-yanke masu kama da na maleriya da ke nuna sakamako cikin mintuna, sannan a sa haidroksiyuriya cikin magungunan da inshorar lafiya ta jiha ke biya, a horar da ma'aikatan da za su dinga duba jinin yaran da ke shan ta, don maganin ba na sha-ka-tafi ba ne, yana buƙatar awo lokaci-lokaci.