Ƙanen alƙali ba yaron alƙali ba ne

Wanda ya taɓa leƙa tsofaffin takardun kotu na zamanin Turawa a Najeriya ko Gana zai ci karo da wata kalma da ake liƙa wa alƙalai: puisne. Haka ake rubuta ta, amma "piyuni" ake furtawa. Da ita ake kiran duk alƙalin babbar kotu wanda ba shi ne alƙalin alƙalai ba. Da wannan laƙabi aka naɗa Olumuyiwa Jibowu, haka ma Adetokunbo Ademola a 1949, kafin ya zama alƙalin alƙalan Najeriya a 1958.

Asalinta tsohon Faransanci ne, kalmomi biyu aka haɗa: puis, wato daga baya, da né, wato haifaffe. Wanda aka haifa daga baya ke nan, ƙane. Ta shiga Ingila ne ta hannun Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, har Faransanci ya zama harshen kotu. An yi doka a 1362 cewa a riƙa shari'a da Ingilishi, amma lauyoyi suka riƙe Faransancinsu na ɗaruruwan shekaru. Har yau dokar Ingila tana kiran alƙalan babbar kotu da wannan suna, Kotun Ƙolin Kanada kuma shugaba ɗaya gare ta da irin waɗannan alƙalai takwas.

A bakin talakan Ingila kuwa kalmar ta sauya rubutu, ta koma nufin rarrauna, wanda bai kai ya kawo ba. Ban yi mamaki ba, domin a al'adarsu ta da, ɗan fari ne ke kwashe gadon ƙasa, ƙane ya tashi hannu rabbana. Mu da muka tashi a kan rabon gado na Musulunci mun san wani abu dabam: wa da ƙane rabonsu ɗaya, shekaru ba sa ƙara wa kowa ko kwabo. Wa zai zauna a gaba, shi zai fara magana a taron dangi, amma kasonsa bai fi na autan maza ba. Abin da kalmar take nufi a kotu ke nan, kuma shi ne abin da nake ganin muna sakaci da shi.

Idan alƙalai bakwai suka zauna, ƙuri'a bakwai ce, ta shugaba ba ta fi ta wanda aka rantsar jiya nauyi ba. A watan Disamba na 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan ƙarar da Muhammadu Buhari ya shigar game da zaɓen 2007 da ya kawo Umaru Musa 'Yar'adua. Huɗu suka tabbatar da zaɓen, ciki har da alƙalin alƙalai Idris Legbo Kutigi. Uku suka ce a soke shi: George Oguntade da Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen, kuma su ne ƙannen wannan zama. Mutum ɗaya kawai ya rage su rinjayi manyansu. Ko kana ganin su ke da gaskiya ko a'a, abin da suka yi shi ne aikin da aka rantsar da su a kai.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da bin girma. Yana da amfani babba, domin yana hana 'yan siyasa zaɓen wanda suke so. Indiya ta ga illar tsallake shi. A 1976, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, mai shari'a H. R. Khanna na Kotun Ƙolin Indiya shi kaɗai ya ce ba za a tsare mutum a hana shi zuwa kotu ba. A 1977 layin zama alƙalin alƙalai ya zo kansa, aka tsallake shi aka naɗa na bayansa, ya ajiye aiki. A nan gida kuwa bin layi ne ya kai Aloma Mukhtar kujerar alƙalin alƙalai a 2012, duk da wancan hukunci nata.

Damuwata ita ce inda girma ya wuce tsarin zama ya zama iko a kan ɗan'uwa. A kotunanmu shugaba ne ke raba shari'o'i, shi ke zaɓen wa zai zauna a kan wace ƙara, shi ke iya tura alƙali wani gari. Alƙalin alƙalan ƙasa shi ke shugabantar Majalisar Shari'a ta Ƙasa mai ladabtar da alƙalai da ba da sunayensu don naɗi, kuma shi ke zaɓen da yawa daga cikin mambobinta. Alƙalin da ci gabansa ke hannun mutum ɗaya, sai mai ƙarfin zuciya ƙwarai ne zai saɓa masa a fili. Bai kamata adalci ya dogara ga samun jarumi kowane lokaci ba.

Akwai gyara mai sauƙi da ba ya buƙatar taɓa kundin tsarin mulki. A Kotun Ƙolin Birtaniya, idan alƙalai suka keɓe bayan sauraron ƙara, mafi ƙanƙanta ne ke fara faɗin ra'ayinsa, shugaba ya zo a ƙarshe, don kada kwarjininsa ya danne na ƙasa. Kotunanmu na ɗaukaka ƙara za su iya rubuta wannan a ƙa'idojinsu. Rabon shari'o'i kuma a mayar da shi hannun ƙuri'a ko kwamfuta, a gaban lauyoyin ɓangarorin biyu, musamman ƙararrakin zaɓe.