Wanda ya ce a daina masa wankin ƙoda, shi ya kashe kansa?

A zaman makokin wani kawuna, a wani ƙauye kusa da Talata Mafara, na ji maganar da har yau take ci mini rai. Bayan an shafa Fatiha wani dattijo ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi: "Allah dai Ya yafe mai, amma wanda ya ƙi magani ai da hannunai ya kashe kainai."

Kawu ya yi kusan shekara biyu ana kai shi Gusau wankin ƙoda. Ya haura saba'in, ciwon suga ya cinye masa ido, zuciya ta raunana, har ta kai duk ranar da aka ɗora shi kan na'ura sai jininsa ya faɗi, a dawo da shi gida ba ya iya ɗaga hannu. Likitansa bai ɓoye mana ba, ya ce wankin ya daina ƙara masa komai sai wahala. Da kawu ya kira babban ɗansa ya ce, "Ku maishe ni gida, in cika a ɗakina," ba mu ga alamar fushi da ƙaddara a fuskarsa ba. Ya yi kwanakinsa na ƙarshe yana jan carbi, yana neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ni ban yarda wannan mutumin ya kashe kansa ba, kuma ba don kawuna ne na faɗa ba.

Haramcin mutum ya kashe kansa ba abin jayayya ba ne, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta yanke magana. Amma wanda ya sha guba shi ya ƙirƙiri sanadin mutuwar, kuma mutuwar yake nema. Wanda ƙodarsa ta riga ta mutu, ciwon ne ke kashe shi. Abin da ya bari shi ne dabarar da ke jinkirta abin da ya riga ya iso. Da za a ce masa ga lafiya, da hannu biyu zai karɓa. Niyya daban, sanadi daban, to ta yaya hukunci zai zama ɗaya?

Gaskiya ne Annabi (SAW) ya ce bayin Allah su nemi magani. Amma shi ne kuma, a hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, ya bai wa matar nan mai farfaɗiya zaɓi: ta yi haƙuri ta samu Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi kawai kada jikinta ya riƙa buɗewa, kuma ba a zarge ta ba. Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce hukuncin neman magani yana sauyawa da halin mai ciwo: yakan zama wajibi, yakan zama mustahabbi, ko halal kawai, har ma makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi ciwon. Tun 1986, a Amman, majalisar ta halatta cire na'urar numfashi daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya, ba dawowa.

Dokar ƙasa ma haka. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa likita ya sanar da majiyyaci wannan haƙƙi tare da abin da zai biyo baya.

Sai dai kada wani ya ɗauki maganata ya rufe da ita wata ɓarna. Dattijon nan yana da gaskiya a wani wuri. Saurayin da insulin, allurar masu ciwon suga, ke riƙe da shi lafiya lau, ya jefar da allurar don duniya ta ishe shi, wannan yana cikin haɗari babba, kuma abin da yake buƙata shi ne a zauna da shi, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, don baƙin ciki mai tsanani ciwo ne da ake warkarwa. Iyaye ba su da ikon hana yaro maganin da zai cece shi. Magada ba su da ikon gajiya a madadin tsoho. Kuma daina wanki ba ya nufin a daina ba mutum ruwa da abinci da maganin zafin ciwo, ko a daina juya shi a kan shimfiɗa. Yanke cewa magani ya daina amfani aikin likitoci ne masu amana, fiye da ɗaya, ba aikin taron dangi a zaure ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, yawancin masu barin wanki a Zamfara ba zaɓa suka yi ba. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake so a mako, kowanne kusan awa huɗu, kowanne da kuɗinsa, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya saboda 'yan bindiga. A sayar da awaki, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, sannan a wayi gari babu abin sayarwa. Wa zai kalli wannan ya ce ya kashe kansa? Idan akwai alhaki a nan, yana kan masu riƙe da dukiyar jama'a, da masu hali da suke ji suna gani, da mu da muke iya tara kuɗin biki cikin mako guda. Ina roƙon masu kula da zakka da waƙafi a jihar nan su ware kaso na dindindin don masu ciwon ƙoda, kuma malamanmu su hau mumbari su bambance wa jama'a waɗannan hukunce-hukunce, don iyalai da yawa na ɗauke da zunubin da ba nasu ba.

A layin da kawu ke jira akwai wani magidanci da bai kai arba'in ba, mai 'ya'ya huɗu, wanda wankin ke yi wa amfani sosai, har kasuwa yake fita washegari. Ya koma zuwa sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya a mako biyu. Ranar da muka je karɓar takardun kawu na tambayi ma'aikaciyar jinya labarinsa, ta ce rabonsu da ganinsa tun kafin azumi.