Na Je Ƙirga Agwagi, Aka Ƙirga Ni

A tsakiyar Janairun kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, tun 1967 ake yin ta. Wanda ke kusa da tafki ko dam ya je ya ƙirga, a haɗa da na sauran wurare. A Arewa, fadamun Haɗeja da Nguru ne suka ci suna, musamman Dagona, inda har mijin Sarauniyar Ingila ya je kallon tsuntsaye a 1989. Na ce ai Daura ma Allah bai hana ta ruwa ba. Ana idar da sallar asuba na buga babur sai dam ɗin Daberam, hunturu yana yankar kunne kamar reza.

Shiri kam na yi shi. Madubin hangen nesa na ɗauka mai lamba 8x42. Takwas ɗin na nufin yana matso da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske kafin gari ya gama wayewa. Mai 12 ko 16 ya fi matsowa, amma in hannu na rawar ɗari sai agwagwa ɗaya ta koma uku. Tun a gida na saita shi: a rufe gilashin dama, a murza abin tsakiya har idon hagu ya gani tar, sannan a rufe na hagu a murza zoben da ke jikin na dama. Ƙurar hunturu kuma ba a goge ta da hannun riga, yashi ne, kankare gilashi yake yi. A hure tukuna, sannan a shafa da tsumma mai laushi.

Ga sauran ƙa'idojin, ku riƙa lura da kyau. Ba a sa farar riga, sai mai ruwan ƙasa. A tsaya gabas da ruwa don rana ta kasance a baya, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi za ka gan shi. A hau tudu, amma kada a miƙe a samansa, a laɓe bayan dutse. Ni na ƙara da naɗe fuska da rawani saboda ƙura. Wato da ƙarfe bakwai na safe akwai wani baƙo a bayan dutse, fuska a rufe, yana leƙe yana rubutu. Ko kaɗan abin bai zo mini a rai ba.

Ruwan kuwa ya cika. Shamuwa ba ta nan, ita baƙuwar damina ce, ta yi kudu tun da ruwa ya ɗauke. 'Yan gida dai suna nan, kirinjijiya da dinya da zalɓe, ga zakaran ƙeƙuwa da ya fara kwarmata zuwana tun ban kashe babur ba. Wadda ta kawo ni ita ce ƙaramar agwagwar da Turawa ke kira gargani. A Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, ta ƙetare Bahar Rum da Sahara ta iso mana wajen Oktoba, ta juya a Maris, alhali ba ta kai rabin kilo ba. Sabon shiga yakan haɗa ta da kirinjijiya. Kirinjijiya doguwar wuya ce, farar fuska, tana tsayuwa ƙiƙam tana fito. Gargani gajeruwa ce, a kwance take kan ruwa, da layi mai haske a saman ido.

Ba a ƙirga garke ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirga goma, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, sai ka riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Ka yi daga hagu zuwa dama, ka maimaita daga dama zuwa hagu. Na rubuta a gajarce: K 60, D 12, G 340, gabas, 7:40. Na zana taswirar wurin, har da hanyar shiga.

Ina shirin ƙirga ta biyu sai ga shanu sun gangaro shan ruwa, a ƙarƙashinsu ga 'yan tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa a ciki, masu kaɗa bindi. Su ma daga Turai suke, ba su kai giram 20 ba, suna bin kofato suna tsintar ƙwarin da shanu suka tayar. Na juya madubi kan garken, na yi minti goma cur ina nuni da yatsa, bakina yana motsi, ina rubuta lamba.

"Kada ka motsa."

Mutum uku ne, biyu da gora, ɗaya da bindigar toka. A wannan zamani ban ga laifinsu ba, ko ni na ga kaina da na kama kaina. Suka sa ni gaba sai ƙofar gidan mai unguwa.

"Malam, me kake ƙirgawa?"

"Agwagi, ranka ya daɗe."

"Naka ne?"

"A'a."

"Saye za ka yi, ko harbi?"

"Ko ɗaya."

"To in ka ƙirga, sai me?"

"Sai in rubuta in aika."

"Wa za ka aika wa?"

"Turawa," na ce. Wurin ya yi tsit, har tarin wani yaro na ji daga lungu na uku.

Aka buɗe littafina. Mai bindiga ya ce D ɗin nan dawaki ne, K kuma ƙila kaji, amma G yake so a yi masa bayani. Don in sassauta zancen, na ba su labarin yadda a 2013 aka tsare wani babban tsuntsu a ofishin 'yan sanda a Masar, saboda an ga na'ura a jikinsa an zaci ɗan leƙen asiri ne, ashe masu bincike ne suka ɗaura don bin hanyarsa. Na yi dariya ni kaɗai. Mai unguwa ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji ko? Har tsuntsayen ma da su ake haɗa baki."

Wani tsohon masunci ne ya cece ni. Ya ce, "Ɗan nan, in da gaske kake, wane ne ke zuwa da sanyi, ya tsaya a sama, ya faɗo ruwa da ƙafafu ya sure kifi?" Na ce, "Baba, cikinsa fari ne, da baƙin layi ta ido, in ya tashi da kifi sai ya juya kan kifin gaba." Na buɗe masa hoton a littafin tsuntsaye. Ya ce shi ne, ɓarawon. Ya ciro wani ɗan zoben ƙarfe daga gwangwanin tabarsa, wai a ƙafar irinsa ya samu cikin raga shekarun baya. Ga lambobi a jiki, ga sunan Sitokom, babban birnin Suwidin. Na ce masa in aka aika lambar da wurin da aka same shi, za a san shekarar da aka sa masa da nisan da ya yi. Ya ce ba wannan ya tambaya ba, azurfa ce? Na ce a'a. Ya mayar gwangwani.

Daga nan shari'a ta koma kallo. Kowa sai ya leƙa madubi, wani ta baya ya riƙe, yana mamakin yadda gidansa ya yi nisa. Mai unguwa ya ce gaba in fara zuwa gaisuwa, a haɗa ni da yaro. Ya karɓi madubin, ya ga ƙura, kafin in buɗe baki ya murje gilashin hagu da hannun babbar riga, sau uku, da ƙarfinsa.

Sha ɗaya saura na koma bayan dutsena. Rana ta ɗaga, iska tana rawa a kan ruwa, kwalekwale biyu sun ratsa ta inda agwagin suke, ko gashinsu babu. G 340 ɗin nan ban samu maimaita ta ba. Zanen da ke gilashin hagu kuwa, siriri ne dogo mai ɗan lanƙwasa, zuwa yau sau biyu ina rubuta shi a matsayin zalɓe.