Ranar Pi da awar da ake ƙwace mana a watan Maris

Duk shekara idan Maris ya kama a nan Amurka, abubuwa biyu ne suke zuwa kusan a mako guda, ɗaya yana sa ni dariya, ɗayan kuma yana ɓata min rai. Na farko shi ne ranar Pi, 14 ga wata. Na biyu shi ne Lahadi ta biyu a watan, wadda a cikinta ake tura agogo gaba da awa ɗaya. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi ya tarar an yanke masa awa guda a barcinsa, kuma babu wanda zai kai wa ƙara.

Bari in fara da mai daɗin. Wanda ya yi sakandare zai tuna malamin lissafi yana rubuta 22/7 a allo. Pi ke nan, ko kuma kusa da shi. Ka ɗauki kowace da'ira, faifai ne, bakin rijiya ne, ko tayar mota, ka auna kewayenta, ka raba da faɗinta daga baki zuwa baki ta tsakiya, amsa ɗaya za ka samu: 3.14159, lambobin kuma su yi ta tafiya ba iyaka. Su Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 14 ga Maris a wurinsu 3/14 ne. Wani masanin kimiyya mai suna Larry Shaw ne ya fara bikin a 1988 a gidan baje kolin kimiyya na Exploratorium da ke San Francisco. Suka yi ta zagaye a da'ira, sannan suka zauna cin wani abin gashi mai siffar faifai wanda sunansa a Turanci ya zo ɗaya da na lambar, fai. Wasa ya zama gaske. A 2009 majalisar wakilan Amurka ta amince da ranar, a 2019 kuma UNESCO ta mai da 14 ga Maris Ranar Lissafi ta Duniya. A ranar ne ma aka haifi Einstein a 1879, abin da masu bikin ba sa gajiya da tunatar da mutane.

Mu da muke fara rubuta rana kafin wata, tamu ranar 22 ga Yuli ce, 22/7, kuma ta fi 3.14 kusa da gaskiya da ɗan kaɗan. Ga wani abu ma da na lura da shi ina tsaye gaban madubi. Hulata lamba 22 ce, wato inci 22 ne zagayenta. Idan ka buɗe ta ta yi da'ira sosai, ka ɗora ma'auni a bakinta, inci 7 za ka gani. Ashe shekara da shekaru ina yawo da 22/7 a kaina ban sani ba. Mai ɗinkin hular ma wataƙila bai taɓa kiran sunan Pi ba, amma allurarsa ba ta saɓa masa.

Abin da ya sa nake son wannan rana shi ne yawan hannuwan da suka taɓa lambar. Archimedes ya matse ta tsakanin 223/71 da 22/7 tun kafin haihuwar Annabi Isa. Zu Chongzhi a ƙasar Sin ya kawo 355/113 a ƙarni na 5. Jamshid al-Kashi, yana Samarkand a 1424, ya fitar da gurbi 16 na lambobin bayan ɗigo daidai, da alƙalami da takarda, babu kwamfuta. Injiniyoyin NASA na yau gurbi 15 suke amfani da shi wajen lissafin tura na'ura sararin samaniya. Wato aikin al-Kashi na shekara 600 da suka wuce ya ishe su har da ragi.

To, ni a jihar Indiana nake zaune, kuma wannan jiha tana da labari da Pi wanda duk ɗalibin lissafi a nan ya sani. A 1897 wani likita, Edwin Goodwin, ya kai wa majalisar jiha ƙudiri a kan wata "gaskiyar lissafi" da ya ce ya gano, wadda idan aka bi ta Pi zai koma 3.2. Ya ma yi musu alkawarin jihar za ta koyar da ita kyauta, sauran duniya kuma su biya. Majalisar wakilai ta amince, ƙuri'a 67, ko mutum ɗaya bai ƙi ba. Allah ya sa wani farfesan lissafi na jami'ar Purdue, Clarence Waldo, ya je harabar majalisar kan wata hidima dabam, ya ji abin da ake ciki, ya zaunar da 'yan majalisar dattawa ya yi musu karatu. Suka jingine ƙudirin, har yau yana jingine. Da an sa hannu ma, da bakin rijiya bai ji umarni ba.

Agogo kam yana jin umarni, shi ya sa gwamnatoci suka koma kansa. Jamus ce ta fara wannan turin agogo a ƙasa baki ɗaya a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, don a rage ƙona gawayin kwal. Amurka ta bi a 1918. Hujjar ita ce a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya rana tana daɗewa a lokacin zafi. A Landan yini yana kai awa 16 da wani abu a Yuni, ya dawo kusan 8 a Disamba. Sai aka ce a matsa agogo, hasken da ake barci a cikinsa da safe ya dawo yamma, a rage kunna fitila. A kunne yana da daɗin ji. Amma ita wannan Indiana ɗin, yawancin yankunanta ba sa canza agogo sai a 2006 da aka tilasta wa kowa. Masana tattalin arziki biyu, Kotchen da Grant, suka bi takardun kuɗin wuta na gidaje kafin canjin da bayansa, suka tarar amfani da wuta ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100, saboda na'urar sanyaya ɗaki ta cinye abin da fitila ta rage. An gudu ba a tsira ba.

Azumin 2025 ne ya fi nuna min rashin ma'anar abin. Ranar Asabar 8 ga Maris mun sha ruwa wajen bakwai saura kwata. Washegari agogo ya ce sai takwas saura kwata. Tsawon azumin bai ƙaru da awa ba, don alfijir ma ya matsa, amma aiki da makarantar yara agogon bango suke bi. A ranar na kira gida a lokacin da na saba, na manta tazararmu da Kano ta ragu daga awa 6 zuwa 5. Hajiya ta ɗaga ta ce, "Lafiya dai ko, yau ka kira da wuri?" Na ce, "Lafiya lau, Hajiya, agogo aka canza mana." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ranar ma sun canza ta ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To Allah ya kyauta." Ban samu abin ƙarawa ba.

A gida ba mu da wannan wahala, domin a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Amma masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san da zamanta ko ba su san sunanta ba: wasan Firimiya da ake take shi ƙarfe 4 a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris sai ya dawo ƙarfe 3. Ingila ce ta matsa agogonta, ta zo daidai da namu.

Ra'ayina a bar agogo ya huta. Jihohin Hawaii da Arizona ba sa canzawa, in ban da yankin ƙabilar Navajo, kuma ba su rushe ba. Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar daina abin a 2019, magana ta maƙale wajen gwamnatoci. Majalisar dattawan Amurka ta amince da dainawa a 2022, ta wakilai ba ta ko ɗauka ba. Kowa ya yarda a daina, an kasa yarda kan wane agogon za a zauna, na sanyi ko na zafi. In da ni ne, na sanyi zan zaɓa, wanda tsakar rana a cikinsa ta fi kusa da lokacin da inuwa take ƙarƙashin ƙafa, yara kuma ba sa tsayuwar jiran motar makaranta cikin duhu.

A 2027, in Allah ya kai mu, 14 ga Maris zai faɗo ranar Lahadi ta biyu, kamar yadda ya faru a 2021. Da dare agogo zai nuna 1:59, ranar 3/14, wato 3.14159 cif. Minti ɗaya bayan nan wayata za ta tsallake ƙarfe 2 gaba ɗaya ta dira kan ƙarfe 3. Na yi niyyar in zauna in gani da idona, tunda dai barcin a ranar ba cikakke ba ne. Agogon motata kuwa tun bara na daina taɓa shi, yana yin daidai daga Nuwamba zuwa Maris.