Mu da Sao Tome: abotar da aka ɗaura a kan man da bai fito ba

A watan Yulin 2003 shugaban Sao Tome da Principe, Fradique de Menezes, yana Abuja wajen taro sai sojoji suka ƙwace mulki a gida, ƙarƙashin Manjo Fernando Pereira. Mako guda bayan haka ya koma kujerarsa, kuma shugaban Najeriya na lokacin, Obasanjo, da kansa ya raka shi har tsibirin. Babban yaya ya riƙo hannun ƙaninsa ya mayar da shi ɗaki, in ji wasu. Wasu kuwa suka ce ba don Allah ba ne, don man fetur ne. Ni dai a ganina duk biyun gaskiya ne, kuma babu abin kunya a ciki.

Tushen maganar shi ne yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Abuja a watan Fabrairun 2001. Akwai wani yanki na ruwan Tekun Guinea da kowa ke cewa nasa ne. Maimakon a tsaya jan layi, sai aka ce a haƙo abin da ke ƙasa tare, Najeriya ta ɗauki kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome 40, aka kuma kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a Abuja. Duk wanda ya tuna yadda aka ƙare da Bakassi, daga hukuncin kotun duniya a 2002 zuwa miƙa yankin ga Kamaru a 2008, da masuntan da suka wayi gari baƙi a inda aka binne cibiyarsu, ya san wannan dabara ta fi. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 100 a lokacin ta zauna da wadda jama'arta ba su kai na ƙaramar hukuma guda a cikin birnin Kano ba, aka yi ciniki ba a nuna ƙarfi ba. Wannan kam a yaba.

Sai dai an yi saurin wasa wuƙa tun ba a ga saniyar ba. Kamfanin Chevron da abokansa sun biya dala miliyan 123 kuɗin sa hannu a kan fili na farko, aka haƙa rijiya a 2006, aka tarar da mai, amma bai kai a zuba jari a kansa ba. Wasu kamfanonin ma sun gwada sun tattara nasu ya nasu. Fiye da shekara ashirin ke nan, mutanen tsibirin na nan kan noman kokonsu da kifinsu da 'yan yawon buɗe ido.

A nan ne nake ganin sakacinmu. Da man ya ƙi fitowa, sai zumuncin ya yi sanyi, kamar ba mu da wani abin haɗi. Alhali ruwa ɗaya muke sha wahalarsa: 'yan fashin teku da suka addabi jiragen da ke nufar Legas da Fatakwal ba su san iyaka ba, haka manyan jiragen kamun kifi na ƙetare da ke yashe tekun da dare. Ƙaramar ƙasa irin wannan ba ta da jiragen sintirin da za su tsare ruwanta, mu kuwa muna da su. Ita ma yarjejeniyar ta 2001 ba kan mai kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa da sauran albarkatun ruwa, amma wa ya taɓa jin an yi hayaniya a kan kifin?

Kuma wasu ba barci suke ba. A watan Disambar 2016 Sao Tome ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wajen China, ga Angola da Portugal da harshe ya haɗa su da ita tun fil azal. Ƙaramin tsibiri yana da ƙuri'a guda a Majalisar Ɗinkin Duniya, daidai da tamu, kuma Najeriya da ke neman kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu za ta buƙace ta. Yarjejeniyar ta shekara 45 ce, an riga an cinye fiye da rabi.