In babban wasa ya sake zuwa Kano, a nemo maginanmu

Jama'a, Kano ta karɓi manyan wasannin ƙwallo har sau uku: gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, Kofin Afirka a 2000, sai ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, duk a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A ta ƙarshen ina cikin 'yan sa kai, daga ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu na tafi. Aikin bai wuce nuna wa mutane wurin zama da kama hannun dattijo a matakala ba, wani lokacin a riƙe yaron da ya ɓace har babansa ya zo. Da na dawo, Baffa ya ce, "To, ɗan nan, nawa suka ba ka?" Na ce, "Baba, gayya ce." Ya gyaɗa kai, don ya san ba a tambayar lada ran gayya.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne adon. Yawancin abin da idona ya gani tutoci ne da allunan leda da inji ya buga, damina ɗaya suka koɗe. Alhali marinar Ƙofar Mata na nan kusa da filin, baba na jiƙe a rami. Dubi Kofin Duniya na Katar a 2022: filin Al Thumama siffar hularsu aka yi masa, Al Bayt kuma tantin makiyayansu. Ga 'yan sa kai dubu 20 suna yi wa baƙi jagora. Ba kuɗinsu nake hange ba, yadda ba su ji kunyar nasu ba ne ya burge ni.

Mu me muka rasa? Duk wanda ya shiga fadar Sarkin Dutse ya ga bango yana magana. A duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu da magabata suka bar mana tun ba a san ranar ba. A garinmu akwai tsohon magini, da yatsunsa yake fitar da dagi a kan ɗanyen yaɓe kafin ya sha iska, ba takarda, ba ma'auni. Yanzu rumbu kawai ake kiransa ya gyara, 'ya'yansa duk sun koma buga bulo. Wallahi abin yana yi mini ciwo.

Wani zai kawo batun zanen mai rai. Adonmu ai bai dogara da shi ba: dagi ne, da takobi, da allo, da zankwaye.

Roƙona ga masu shirya wasanni, ko da gasar jiha ce: a ware bango ɗaya a filin a ba irin wannan dattijon, samari 'yan sa kai su kwaɓa masa ƙasa suna koyo. Rajistar sa kai kuma a kawo ta sakatariyar ƙaramar hukuma, don ba kowane ɗan ƙauye ke da data ba.